Minti Biyu Daga Benci

Zan fara da neman afuwa. Abubuwan nan sun kwana biyu, kuma ƙwaƙwalwata ba ta riƙe abu yadda nake so. Akwai wuraren da nake ganinsu tar kamar jiya, akwai kuma inda ban sani ba ko da idona na gani, ko yawan jin labarin ne ya sa nake zaton na gani. Babban abin ma ba a gabana ya faru ba. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda ban tabbata ba, wanda shi ne ya fi yawa, zan faɗa.

A tsakiyar shekarun dubu biyu na sauka Lyon don karatun ƙididdiga. Kamar kowane ɗan Nijar da ya zo garin a lokacin, ban yi mako biyu ba aka kai ni fada. Fadar tamu ba ta da inuwar bishiya, ba ta da tabarma a ƙofar gida. Ɗaki ne guda a La Guillotière, a saman shagon masu sayar da atamfa, in taram, jirgin ƙasan cikin gari, ya wuce sai gilashin taga ya yi ta rawa. Kowace Lahadi bayan La'asar muke haɗuwa, mu takwas ko tara, a ɗora butar shayi a kan risho.

Mai ɗakin mutumin Damagaram ne, ya girme mu duka, kuma ya daɗe yana rubuta tez ɗinsa, wato kundin digirinsa na uku, har an daina tambayarsa yaushe zai gama. Dattijo muke ce masa. Shi ke tarbar sabon zuwa a tasha, ya raka shi neman takardar zama, ya nuna masa mahaucin da za a yarda da yankansa. Ni kaina rigar sanyina ta farko tasa ce. Don haka kowa yana jin nauyinsa, ban da mutum ɗaya, wani dogon Ba'adare daga Tawa mai karatun injiniya, wanda yake girmama Dattijo a komai amma ba ya ƙyale shi a gardama.

Babu wanda ya tashi da ƙwallon kwando a cikinmu. A gida ƙwallon ƙafa muka sani, sai kokawa. Dattijo ne ya fara jan mu zuwa kallon ƙungiyar da ke wasa a gefen garin, kuma ina zaton ɗumin zauren wasan ne ya fara jawo mu kafin wasan kansa, ko da yake yanzu babu mai amsa wannan. A wasan, mutum biyar ne ke shiga fili daga kowane ɓangare, a yi minti arba'in. Sauran 'yan ƙungiyar suna zaune a benci, tawul a wuya, sai in mai horarwa ya ga dama ya kira ɗaya ya karɓi wanda ya gaji. A kan waɗannan na zaunen ne aka cinye mini ƙuruciya.

"Mutum biyar ke wasa," in ji Dattijo. "Saura 'yan rakiya ne. Ka taɓa ganin an ba ɗan rakiya amarya?"

"To Dattijo, in ɗaya daga cikin biyar ɗin ya gurɗe fa?"

"Kada ya gurɗe."

"Allah ya ba ka haƙuri, ƙafa ce fa."

"Kai Ba'adare, a filin kokawar garinku ka taɓa ganin ƙato ya gaji ya ce ƙanensa ya zo ya riƙe masa? Wanda ya gaji ya faɗi. Shi ke nan."

"Shi ya sa naku suke yawan faɗuwa."

Daga nan sai ɗaki ya kaure. A sha shayin farko mai ɗaci ana kai, a sha na biyu ana kai, a zo na uku mai zaƙi ba a matsa ko taku ɗaya ba. Akwai wani ɗan wasa mai sanƙo, ya manyanta, wanda da wuya ya shiga fili, amma in an ci ƙwallo shi ke fara miƙewa yana kaɗa tawul. Mai Tawul muke ce masa. A wurin Dattijo shi ne shaidar cewa ana iya rayuwa a Turai ba tare da an yi aikin komai ba. "Ni ma a ba ni tawul ɗin mana, in kaɗa musu da hannu biyu." Shi kuwa Ba'adare cewa yake yi ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma duk ran da Mai Tawul ya shiga, ko na ɗan lokaci ne, sai ka ga yaran sun natsu.

Ni ba na sa baki. Ni ne mai dafa shayi, kuma na fi son haka. Amma wata Lahadi wani ya tuna cewa ƙididdiga nake karanta, sai aka naɗa ni alƙali ba da shawarata ba. Da na ce a'a da na huta. Maimakon haka na sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, na shafe kakar wasa guda ina rubuta wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga, da abin da ya faru bayan ya shiga. Mutane suna ihu a zaure, ni kaina yana ƙasa. Ban ga wasa ko ɗaya yadda ya kamata ba a shekarar nan.

Ran da zan ba da sakamako har waɗanda suka daina zuwa fada sun zo. Na yi bayani tsakani da Allah. Na ce in aka duba ta wata fuska, Dattijo yana da gaskiya, don biyar ɗin farko su ke yin mafi yawan aikin. In kuma aka duba wasannin da aka yi kankankan, akwai alamar cewa maganar Ba'adare ba ta faɗi ƙasa ba. Sai dai wasannin ba su da yawan da za a yanke hukunci da su. A taƙaice, na ce, ya danganta.

Taram ya wuce.

"Jirgin sama ka hau tun daga Yamai," in ji Dattijo, "don ka zo ka ce mana ya danganta?"

Ba'adare ma, wanda na zaci zai ji daɗi, ya ce in da ya san haka ne da kayen an kunna risho da shi. Daga ranar sunana na yanka ya ɓace a Lyon. Malam Ya-Danganta ake ce mini, daga baya aka gajarta zuwa Danganta. Akwai waɗanda suka zo suka gama karatu suka koma gida ba su san ina da wani sunan ba.

Bayan na gama na sami aiki a Paris. A can na haɗu da wadda take matata yanzu, 'yar Maraɗi, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, tana zaune a gidan baffanta, ƙanin mahaifinta, wani Alhaji ma'aikacin wata hukumar ƙasa da ƙasa. Mahaifinta ya rasu, don haka aurenta a hannun Alhajin yake. An gaya mini mutum ne mai bin diddigi, kuma ya taɓa sallamar wasu masu neman wata 'yar tasa don sun kasa gaya masa asalin yaron da suka zo nema wa. Wannan labarin ya hana ni sukuni.

Mahaifina yana Tasawa, tafiya ta gagare shi. A waya ya ce in nemi babban mutum mai mutunci ya tsaya a madadinsa, ya kai goron tambaya. Ba sai na yi dogon tunani ba. Na kira Dattijo, muka gaisa, muka sake gaisawa, na gaya masa. Ya ce wannan ai nauyinsa ne ko ban faɗa ba.

Da a nan na tsaya da babu labari. Amma ni mutum ne da in na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta. Na fara tunanin in mura ta kama shi fa, in ya makara jirgin ƙasa ya tafi fa, in muryarsa ta dushe fa. Sai na kira Ba'adare a ɓoye, na ce ya rako Dattijo a matsayin mai riƙe goro, amma ya zauna da shiri ko da wani abu zai faru. Na kuma rubuta takarda shafi guda: sunan mahaifina, da na kakana, da unguwarmu, da sana'ar gidanmu, da dangin mahaifiyata. Na rubuta ne don ban iya zama gaban manya ina ambaton sunan mahaifina gatsau ba, ba haka aka rene mu ba. Na aika wa Ba'adare kwafi, na roƙe shi don Allah kada maganar ta fita.

Ta fita a Lahadin farko. Yadda aka ba ni labari, ana tsakiyar gardamar Mai Tawul sai Ba'adare ya ce, "Ko Danganta da ya fi mu sanin lissafi, da abin ya zo kansa bai yarda ya shiga fili ba benci ba."

Washegari wayata ta yi ƙara. Dattijo ne. Bai tambayi aiki ba, bai tambayi sanyi ba, bai tambayi mutanen gida ba. Tun da na san shi bai taɓa yin haka ba.

"Danganta. Ɗan benci ka ajiye mini?"

"Yaya, ba haka ba ne, wato na ga kamar..."

"Ni zan je neman aure, a bayana an zaunar da wani da tawul a wuya yana jiran in gurɗe?"

"Yaya, goro kawai zai riƙe."

"Aure nawa na nema wa mutane a ƙasar nan? Tambayi kowa. Wakili ɗaya ne. In ba ka yarda da ni ba ka faɗa."

Na ba da haƙuri har bakina ya bushe. Gaskiyarsa ce kuma, ta wata fuskar. Wanda ka ba wakilci ka ba shi ne gaba ɗaya, ajiye wani a gefe kamar ka ce ba ka amince ba ne. Na san haka, tsoro ne ya rufe mini ido. Daga ƙarshe ya ce zai je don darajar mahaifina, amma da sharaɗi: Ba'adare ya riƙe goro, ya yi sallama, ya amsa amin, kada a ji wata kalma daga bakinsa.

Ranar Asabar ce, wannan na tabbata. Na tarbe su a tasha da hantsi, Dattijo cikin babbar riga mai ruwan sararin sama da ta sha guga, Ba'adare cikin farin yadi. Muka wuce Château Rouge sayen goro. Dattijo ya sa mai shago ya buɗe huhu uku kafin ya yarda da ɗaya, yana ɗaga kowane goro yana dubawa kamar mai sayen zinariya. Na ga ransa ya ɗan yi sanyi, sai na zaro takardar na miƙa masa da hannu biyu.

"Mene ne wannan?"

"'Yan bayanai ne, Yaya, ko da Alhaji zai tambaya."

Ko dubawa bai yi ba. "Ɗan wasan gaske ba ya shiga fili da takarda. Shekara nawa na san ka? Rigata ka fara sawa a ƙasar nan."

Na mayar da ita aljihu. Ba'adare ya kau da kai yana karanta farashin busasshen kifi.

Mai neman aure ba ya zuwa wurin tambaya, kowa ya sani. Gidan Alhaji ba shi da nisa da Belleville, don haka na raka su har bakin layin, na shiga wani ƙaramin gidan abinci kusa da tashar metro na zauna. Na sa aka kawo shayi, ya huce, na sa aka kawo wani. Na je na yi Azahar na dawo. Na ƙirga duk hanyoyin da abin zai iya lalacewa, na ga sun fi yatsuna yawa. Na yi tunanin yadda zan gaya wa mahaifina, da yadda zan dube ta in an ce a'a. Mai gidan abincin ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Can na hango su suna tahowa. Tun daga nesa hannayensu ke tashi sama. Ba goro a hannun Ba'adare, na ce wannan alama ce mai kyau, ko kuma a'a, don ana iya karɓar goro a ce za a yi shawara. Suka shigo suka ja kujeru suka zauna, babu wanda ya dube ni.

"Minti talatin da takwas ina magana," in ji Dattijo. "Talatin da takwas! Na kawo aya, na kawo tarihi, na sa Alhaji dariya sau uku. Kai kuma ka buɗe baki minti biyu kana neman a yi maka kirari."

"Dattijo, da na shigo ana cin mu ne."

"Wa ke cin mu?"

"Ka ɗauki kofin ruwa ka kafa kai, ka ƙi saukewa. Kofin ya ƙare kana ta sha."

"Ƙishi nake ji!"

"Yaya," na ce, "don Allah, me Alhaji ya ce?"

"Tsaya tukuna, Danganta. Kai Ba'adare, wa ya gaji da Alhaji har ya yi laushi? Ƙwallon da ka jefa wa ya kawo maka ita ƙarƙashin kwando?"

"Wa ya jefa dai?"

"Ko Mai Tawul aka ba irin wannan zai jefa!"

"To ai maganata ke nan tun shekara nawa."

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka a haka ba. A raina ya kai rabin sa'a, mai yiwuwa bai kai ba. Na tambaya sau uku, kowane karo a ce in tsaya tukuna. Ni da ban taɓa ɗaga murya a gaban Dattijo ba, sai na ji na buga tebur har cokali ya faɗi.

"An ba ni ko ba a ba ni ba?"

Suka juyo tare suna kallona kamar yanzu na shigo.

"An ba ka mana," in ji Dattijo. "Da ba a ba ka ba za mu zauna muna wannan? Allah ya sa albarka. Ka ga Ba'adare, abin da nake nufi shi ne..."

Daga baya na harhaɗa abin da ya faru, gwargwadon iko. Dattijo ya yi jawabi mai kyau, wannan babu mai musu. Ya yabi halina da karatuna da riƙon addinina. Da ya gama, Alhaji ya yi godiya, sannan ya ce, "Madalla. To yaron ɗan wa ne a Tasawa? Wane gida?" A nan Dattijo ya gane cewa bai sani ba. Ya san ni shekara da shekaru, ya san irin sukarin da nake sa wa shayi, amma Danganta ya sani. Sunan mahaifina kuwa yana manne a jikin akwatin wasiƙuna duk zamana a Lyon, yana kan kowace takarda da ya raka ni nema. Sai ya ɗauki kofin ruwa. Ba'adare ya ce shirun ya yi tsawon da har aka ji motsin tukwane daga kicin. Shi ne ya gyara murya ya ce, "Alhaji, a gafarce ni, Dattijo ya bar mini wannan ɓangaren ne don ni na fi kusa da gidan." Ya jero sunan mahaifina da na kakana da unguwa da sana'a. Ashe Alhaji ya taɓa jin sunan kakan nawa a bakin wani abokin karatunsa. Aka yi addu'a, aka raba goro.

Dattijo bai yarda da wannan siffar ba. Ya ce sunan yana bakinsa, ruwa kawai ya tsaya sha, Ba'adare ya yi azarɓaɓi ya karya sharaɗi.

An ɗaura aure, Dattijo ne ya karɓa mini, kuma ranar ya faɗi sunan mahaifina da ƙarfi har sau biyu yana kallon Ba'adare. Na zaci maganar ta mutu ke nan. Ina! Aurena ne ya maye gurbin Mai Tawul. Mutumin ya yi ritaya, ƙungiyar ta canza 'yan wasa ban san sau nawa ba, fadar ta watse, wasu sun koma gida, amma duk inda biyun nan suka haɗu, da an ambaci benci sai a ce, "Ɗauki misalin auren Danganta." Ran sunan 'yarmu ta fari, ana cikin cin abinci, Ba'adare ya ɗaga jaririyar ya ce a dubi abin da benci ya haifar. Dattijo ya ajiye cokali. Baƙi daga wurin aikina, waɗanda ba su jin Hausa, suka tambaye ni ko rigimar gado ce. Har yara sabbin zuwa Lyon, da ban taɓa gani ba, na ji suna da ra'ayi a kan aurena, sun kasu gida biyu.

Sun sha neman in yanke hukunci, tunda ni ne mai abin. Na ce ban kasance a wurin ba. Na ce ba don jawabin Dattijo ba, mai yiwuwa Alhaji bai kai ga tambayar da fara'a ba, ba don Ba'adare ba kuma, mai yiwuwa fara'ar ta ƙare a nan. Kun san amsar da suka ba ni, da sunan da suka kira ni da shi.

Matata tana da nata bayanin. Tana kicin ranar tare da Hajiya, matar Alhaji, kuma ta ce tun kwana uku kafin zuwansu Hajiya ta sa an yi bincike a Tasawa ta hannun wata ƙawarta, an gama magana tsakaninta da Alhaji, tambayar da ya yi ta cika al'ada ce kawai. Na gaya wa su biyun haka, ina murna na samo abin da zai kashe wutar. Dattijo ya ce to ka gani, an ci wasa tun kafin ɗan benci ya tashi. Ba'adare ya ce Hajiya da ke kicin, ba ta cikin biyar ɗin farko, ita ce ma babbar 'yar benci. Alhaji kuwa, da na yi ƙarfin hali na tambaye shi bayan shekaru, dariya kawai ya yi ya ce in ci goro.

Na gaji, shi ya sa na rubuta. Akwai mutum ɗaya da ya ga komai kuma ba ya ɓangaren kowa: wani baƙon Alhaji, mutumin Kano, da ya zo gaisuwa ranar aka ce ya zauna ya zama shaida. An ce ya bar Paris tuni, ban san inda yake ba. In wannan ya isa gare shi, ko ga wanda ya ji labarin daga bakinsa, ina roƙo a gaya mini tsawon lokacin da kofin nan ya yi a bakin Dattijo, da yadda fuskar Alhaji ta kasance kafin Ba'adare ya yi magana. 'Yan fadarmu ta La Guillotière kuma, duk wanda ya ga na ƙara ko na rage, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ya aiko da gyara, zan karɓa da godiya. Dattijo da Ba'adare kaɗai na ɗauke wa wannan wahalar. Nasu gyaran na riga na ji.